"Ƙarfin sarrafawa": wane ƙarfi ake nufi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu kalmomi biyu da suka zama ruwan dare a labaran Hausa, na jarida da na rediyo duka, wato "ƙarfin sarrafawa". Matatar mai tana da ƙarfin sarrafa ganga kaza. Kamfanin siminti ya ƙara ƙarfin sarrafawa. An fito da sabuwar waya mai ƙarfin sarrafawa da ya ninka na tsohuwa. Ni ba malamin Hausa ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Aikin da na yi har na ajiye shi ne tsara yadda kaya za su fita a masana'antar siminti, kuma mai irin wannan aiki in ya ga kalmar ƙarfi a jikin wani adadi, sai ya tsaya ya sake karantawa.

Ƙorafina shi ne, wannan furuci yana haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Akwai abin da aka ƙera inji don ya yi. Akwai abin da yake yi a zahiri. Akwai kuma saurin da yake juyawa, wanda shi ma wani abu ne daban. Mai karatu yana ɗauka an ba shi labarin abin da ake yi, alhali kusan kullum abin da aka ƙera injin a kai aka ba shi. Ba ƙarya aka yi masa ba, amma ya tashi da abin da ba gaskiya ba a ransa.

Ba ni da rigima da kalmar sarrafa. Aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da sarfu da ɗaliban ilimi ke karantawa, inda ake juya kalma guda ta ba da siffofi da yawa, kuma ta daɗe da zama 'yar gida. Majemi yana sarrafa fata, maƙeri yana sarrafa ƙarfe, mai hikima yana sarrafa harshe. A duk waɗannan akwai juya abu daga wani hali zuwa wani, kuma abin da matata ke yi wa ɗanyen mai ke nan, abin da kwamfuta ke yi wa lambobi ke nan. Sai dai kalmar tana da wata fuska. Direba yana sarrafa mota, mahayi yana sarrafa doki, kuma a nan iko ake nufi. Don haka in aka bar "ƙarfin sarrafawa" shi kaɗai, ba a faɗi abin da ake sarrafawa ba, wani zai ji kamar maganar mulki ake yi. Wannan ƙaramin aibi ne, maganinsa a ambaci abin: sarrafa ɗanyen mai, sarrafa bayanai.

Babban aibin yana wajen ƙarfi. A bakin Bahaushe ƙarfi abu ne da ke jikin mai shi, ko yana aiki ko yana barci. Ƙaton da ya kwana uku a kwance bai ɗaga ko tsinke ba, ƙarfinsa yana nan, kuma ba wanda zai ce ka yi ƙarya in ka kira shi ƙaƙƙarfa. Kalmar ba ta ɗauke da lokaci, ba ta kuma nuna ko an yi aikin. Su kuwa masu ƙera inji, tun farko lokaci suka sa a cikin ma'auninsu. James Watt, ɗan Sukotlan da ya inganta injin tururi a ƙarni na 18, da yake son mutane su gane amfanin injinsa sai ya kwatanta shi da doki, ya ƙayyade ƙarfin doki ɗaya a matsayin ɗaga nauyin fam 33,000 tsayin ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya, wanda a lissafin yau ya kama wat 746 ko kusa da haka. Mun ɗauko "ƙarfin doki" mun sa a Hausa, ya kuma zauna da kyau, amma minti ɗayan nan mun bar shi a hanya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, Hausar da ake yi a gindin inji ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Ban taɓa jin mai kula da murhun masana'antar siminti ya ce "murhun yana da ƙarfin sarrafa tan kaza" ba. Cewa yake yi, murhun yana cin tan kaza a rana. Jiya ya ci kaza. Yau bai ci ba, ana gyara. In an sake masa bulo zai iya cin kaza. Injin niƙa ya shaƙe, an yi masa lodi fiye da kima. Duba yadda aikatau yake tilasta wa mai magana ya fito fili. Da zarar ka buɗe baki da "ci", dole ka zaɓa tsakanin yana ci, ya ci, zai ci, da zai iya ci. Babu wurin ɓuya. Suna kuwa, irin su ƙarfi, yana ba ka damar wucewa ba ka zaɓa ba, shi ya sa masu rubuta sanarwar kamfani suke ƙaunarsa. Gaskiya ne "ci" ma tana da fuska biyu, domin mukan ce tanki yana cin lita dubu muna nufin abin da yake ɗauka. Amma da an ƙara "a awa" ko "a rana", kowa ya san an bar maganar ajiya an koma maganar abin da ke shiga yana fita.

Matatun mai su ne suka fi nuna abin a fili, kuma a labaransu aka fi yawan amfani da furucin. Matatun gwamnatin Najeriya huɗu ne, biyu a Fatakwal masu ganga 210,000 a haɗe, ta Warri mai 125,000, ta Kaduna mai 110,000, jimilla ganga 445,000 a rana, kowace ganga kuma lita 159. Wannan adadi bai taɓa motsi a takarda ba, har a shekarun da aka rufe su gaba ɗaya ana jiran gyara. Jimlar "matatar tana da ƙarfin sarrafa ganga 110,000 a rana" daidai take a nahawu, daidai take a takardun injiniya, a ranar da ko ɗigo bai shiga cikinta ba. Da a ce da aikatau aka rubuta, da hannun marubucin ya tsaya, domin ba zai iya rubuta "tana tace ganga 110,000" ba. Sai ya ce an gina ta don ta tace kaza, amma yanzu ba ta aiki. Kuma labarin ke nan.

Ko matata sabuwa ful ba ta tsira ba. Ta Dangote da ke Lekki an gina ta a kan ganga 650,000 a rana. An yi bikin buɗe ta a watan Mayun 2023, ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a farkon 2024, fetur kuma sai a watan Satumban wannan shekarar. Ba wani abin mamaki ba ne, haka ake tayar da kowace babbar matata a duniya, sashe bayan sashe, ana ƙara lodi ana duba bututu. Amma duk tsawon wannan lokaci adadin 650,000 ne ake ta maimaitawa a kowane labari, kamar tun ranar yanke ƙyalle abin da ke fita ke nan. A Amurka hukumar da ke tattara alƙaluman makamashi ba ta yarda da adadi ɗaya ga matata. Tana wallafa abin da matatar za ta iya tacewa a rana guda in komai yana tafiya lafiya, tana kuma wallafa matsakaicin abin da za ta iya a kowace rana ta shekara bayan an cire lokacin gyara da tsaiko. Na biyu kullum yana ƙasa da na farko. Bayan su kuma sai ta kawo na uku, wato kaso nawa cikin ɗari aka yi amfani da shi a zahiri. Mu duk ukun "ƙarfin sarrafawa" muke ce musu.

Bari in faɗi yadda abin yake a siminti, tunda shi na sani ciki da bai. Masana'anta ba inji ɗaya ba ce. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi ya zama gari, a tura shi cikin wani dogon murhu mai juyawa da zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, ya fito a dunƙule, abin da muke kira kilinka. Sai a sake niƙa kilinkar da ɗan jifsam, wani farin ma'adini mai laushi, a zuba a rumbu, a ɗura a buhu, a loda a mota. Kowane mataki da nasa injin, kowane inji kuma da ɗan allon ƙarfe a jikinsa da maƙerinsa ya rubuta tan nawa yake ci a awa. To wanne daga cikin waɗannan alluna ne ƙarfin masana'antar? A ce injin fasa dutse yana cin tan 1,000 a awa, amma na niƙa 300 yake ci. Abin da zai wuce 300 ne, sauran kuwa sai ya yi tudu a fili. In ka kashe kuɗi ka ƙara wa injin fasa dutsen girma, ba ka ƙara buhu ko ɗaya ba, tudun ka ƙara wa tsawo. Wurin da ya fi ƙunci shi ke yanke hukunci, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yau injin niƙa ne, gobe ka gyara shi sai ya koma wajen ɗura buhu, jibi ya zama motocin da ba su zo ba.

Sannan murhu ba ya aiki kwana 365. Cikinsa shimfiɗe yake da bulo mai jure wuta, bulon yana cinyewa, dole a tsaya a sake shi. Kafin mutum ya iya shiga ciki sai an jira ya huce, in an gama kuma sai a ɗumama shi a hankali don kada sabon bulon ya tsage. Waɗannan kwanaki ne da ba a fitar da komai, kuma ba lalacewa ba ce, tsarin aikin ke nan. Akwai ma wata dabara da mai karatu ya kamata ya sani. Kamfani zai iya faɗin adadin simintin da injinan niƙansa za su iya fitarwa, ko adadin kilinkar da murhunsa zai iya gasawa, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai masana'antun da ba su da murhu sam, kilinka suke saye su niƙa. In wakilinka ya rubuta "ƙarfin sarrafa tan miliyan kaza a shekara" bai tambayi wanne ake nufi ba, ya ba mu adadi amma bai ba mu labari ba.

Wanda yake ganin wannan duk ƙaramar magana ce, ya dubi madatsun ruwa biyu da suka fi kowanne suna wajen samar da lantarki. Ta Kwazazzabai Uku da ke kan kogin Yangtze a Sin an kafa mata injina na megawat 22,500. Ta Itaipu da ke tsakanin Barazil da Faraguwai nata 14,000 ne. A takarda ta Sin ta fi da nisa. Shekara tana da awa 8,760, don haka da a ce ta Sin za ta yi aiki ba tsayawa, da ta ba da kilowat-awa biliyan 197. A 2020, shekarar da ta kafa tarihi, biliyan 111.8 ta bayar, wato kashi 57 cikin ɗari ko kusa. Itaipu kuwa a 2016 ta ba da biliyan 103.1 daga cikin biliyan 122 da ɗoriya da allonta ya ce, kashi 84 ke nan. Dalili shi ne kogin Parana yana kawo ruwa kusan bai ɗaya duk shekara, Yangtze kuwa yana cika da damina ya ja baya da rani. Tazarar da ke tsakanin allunan biyu ta fi rabi, tazarar abin da suka fitar ba ta kai kashi goma ba.

Haka mashigar ruwa ta Panama. Ƙofofinta ba su canja ba a 2023, amma fari ya rage ruwan tafkin Gatun da ake cika su da shi, sai jiragen da ke wucewa a rana suka sauko daga kimanin 36 zuwa ƙasa da 25. A farkon 2022 kuma jiragen kwantena sama da 100 ne suka yi layi suna jiran shiga tashoshin Los Angeles da Long Beach, ba don ƙugiyoyin sauke kaya sun lalace ba, sai don fili da rumbuna sun cika, motocin kwashewa ba su isa ba.

Inda na fi jin tausayin mai karatu shi ne wajen waya da kwamfuta, domin a nan shi ne mai saye da kansa, kuma a nan kalmar ƙarfi ta fi yin ɓarna. Za ka ji an ce waya tana da ƙarfin gig 128. Wannan ma'aji ne, wurin da hotuna da bidiyo ke zama, bai da alaƙa da sarrafawa. Za ka ji an ce tana da ƙarfin ram gig 8. Wannan filin aiki ne, yawan abin da za ta iya buɗewa lokaci guda ba ta rufe wani ba. Za ka ji an ce ƙarfinta gigahaz 3. Wannan bugun agogon da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar ne, sau biliyan uku a daƙiƙa. Ga ƙarfin batir, ga ƙarfin sabis. Kalma ɗaya, abubuwa biyar, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai faɗa maka aikin da wayar za ta gama a minti ba.

Shi wannan bugun agogo ya daɗe yana ruɗin mutane, har a ƙasashen da ake ƙera na'urorin. Ƙwaƙwalwar farko da Intel ya fitar a 1971, mai lamba 4004, tiransista 2,300 ke cikinta, wato ƙananan makunnan lantarki, tana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa. Daga nan aka yi shekara talatin ana tseren ƙara bugun, masu talla suna buga adadin da manyan baƙaƙe a jikin kwali. A 2004 ƙwaƙwalwar Intel mai suna Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, sai tseren ya ci karo da zafi, domin ƙara bugu yana ƙara cin wuta, wuta kuma tana zama zafin da ba a iya fitarwa. Da Core 2 Duo ta fito a 2006, bugunta bai kai gigahaz 3 ba, amma ta fi waccan gama aiki, saboda tana yin abubuwa da yawa a kowane bugu, kuma ƙwaƙwalwa biyu ce a haɗe. Mai sayen da ya bi babban adadi a shekarar, na'urar da ta fi rauni ya kai gida.

Tun daga lokacin aka koma ƙara yawan ƙwaƙwalwa a guntu ɗaya, huɗu, takwas, har fiye. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta yi daidai, amma da sharaɗi. Gene Amdahl, wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, ya nuna tun 1967 cewa akwai ɓangaren aiki da ba ya rabuwa, dole a yi shi bi da bi. In kashi goma cikin ɗari na aikin irin wannan ne, ko ƙwaƙwalwa dubu ka tara ba za ka ninka saurin fiye da sau goma ba. Ga kuma abin da duk mai waya ya taɓa ji a tafin hannunsa: in ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Adadin da ke jikin kwali na mintunan farko ne, kafin ta ɗumama.

Masu manyan kwamfutoci na duniya sun gane wannan tuntuni, kuma abin da suke yi ya cancanci koyi. Akwai jerin manyan kwamfutoci 500 da ake fitarwa sau biyu a shekara tun 1993, kuma kowace kwamfuta adadi biyu ake rubuta mata gefe da gefe: abin da lissafin takarda ya ce za ta iya, da abin da ta yi a gwaji. Ma'aunin shi ne fetafulof, wato lissafi biliyan ɗaya sau miliyan a daƙiƙa guda. Frontier, wadda ke cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tenesi, da ta hau kan jerin a 2022 an rubuta mata 1,686 a takarda da 1,102 a gwaji, kusan kashi biyu cikin uku. Fugaku ta birnin Kobe a Jafan tana da 537 a takarda, 442 a gwaji. Da aka yi wa ita Fugakun wani gwaji na daban, wanda ya fi kama da ainihin ayyukan masu bincike inda dole a yi ta ɗauko bayanai daga ma'aji, 16 ta samu, kuma da wannan 16 ɗin ta zama ta ɗaya a duniya a wannan gwajin a lokacin. Kwamfuta ɗaya, adadi uku, 537 da 442 da 16, kuma duka gaskiya ne. In jarida ta ce "tana da ƙarfin sarrafa" ta ɗauki ɗaya, ta yaya mai karatu zai san wanne ta ɗauka?

Ba zan daɗe a kan intanet ba, sai dai in ce masu sayar da layi da megabit suke magana, fayil kuwa da megabayit ake auna shi, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. Layin megabit 40, iyakar abin da zai sauke megabayit 5 ne a daƙiƙa, in kai kaɗai ke kansa.

Kada a fahimce ni da cewa duk wurin da bai cika allonsa ba ya gaza. A wasu wurare cika allon shi ne masifar, kuma wannan ma furucin yana ɓoye shi. Agner Erlang, wani masanin lissafi da ya yi aiki da kamfanin tarho na Kofenhagen, shi ya fara nazarin layin jira a 1909, yana neman sanin layukan waya nawa gari yake bukata. Ilimin da ya taso daga aikinsa ya nuna wani abu da hankali ba ya kawowa da farko. A ce ma'aikaci ɗaya ne a kanta, mutane kuma suna zuwa ba a kan tsari ba, wani lokaci a cunkushe, wani lokaci ba kowa. In aikin da ke zuwa rabin abin da zai iya ne, a matsakaici mutum ɗaya za ka tarar a wurin. In ya kai kashi 80, mutum huɗu. Kashi 90, mutum tara. Kashi 99, mutum 99. Layin ba ya ƙaruwa a hankali, tashi yake yi gaba ɗaya in an kusa cikawa. Filin jirgin sama na Heathrow a Landan yana da titin sauka da tashi biyu kawai, doka ta ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, kuma ya yi shekaru yana aiki dab da wannan iyaka. Sakamakon shi ne jirage suna kewaya a sama suna jiran a ba su dama, kuma hazon safiya ɗaya kan rikita jadawalin yini guda, domin babu sarari da za a cike giɓi. Don haka in aka ce asibiti ko ofishin fasfo yana aiki da "cikakken ƙarfinsa", marubucin yana jin yabo ya yi, amma wanda ke tsaye a layi ya san abin da hakan ke nufi.

To me nake so a yi? Ba sabuwar kalma nake nema a ƙirƙiro ba. Na ga yadda ake zama a ƙera kalmomi masu tsawo waɗanda ba wanda ke furta su bayan an tashi taro. Ba kuma ina so a aro kalmar Turancin a lanƙwasa ta ba, domin ita ma a gidansu tana da wannan ruɗani, shi ya sa injiniyoyinsu ke jingina mata wasu kalmomi kafin su yarda da ita. Abin da nake roƙo shi ne a koma ga aikatau. In adadin allo ne, a ce "an gina ta don ta tace" ko "an ƙera shi ya ci". In abin da ke faruwa ne, a ce "tana tace" ko "ya fitar", a faɗi watan ko shekarar. In wurin ajiya ne, a ce "yana ɗaukar". In bugun agogo ne, a ce gudu, kada a ce ƙarfi. Kowane adadi kuma ya zo da lokacinsa, a awa, a rana, ko a shekara, domin na sha ganin "tan miliyan uku" tsirara, ba a ce a wane tsawon lokaci ba.

Na san abin da mai tsara shafi zai ce: kanun labari ba ya son tsawo, "ƙarfin sarrafawa" kuma gajere ne. Na gwada, ban ga haka ba. "Matata mai ƙarfin sarrafa ganga 200,000 a rana" da "matatar da aka gina don ganga 200,000 a rana" kusan tsawonsu ɗaya. "Kamfanin ya ƙara ƙarfin sarrafawa" ya ma fi "kamfanin ya ƙara injina" tsawo, kuma na biyun ya faɗi abin da ya faru. Inda za a sha wuya ba wajen fili ba ne, wajen tambaya ne. Wakilin da zai rubuta "tana tace" dole ya nemi adadin abin da aka tace, kuma ba shi ake rabawa a takardar taron manema labarai ba. Amma adadin yana nan. Babu masana'antar da ba ta rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙarshen kowane zubin aiki, kuma kamfanin da ke kasuwar hannun jari yakan sa adadin abin da ya samar ko ya sayar a rahotonsa na shekara. In mai magana da yawun kamfani ya ce ba zai faɗa ba, sai a rubuta cewa an tambaye shi bai faɗa ba, a ajiye wannan kusa da adadin allon.

Ina fata za ka miƙa wannan ga masu kula da shafin kasuwanci da na kimiyya, su duba ko za su daidaita a kan salo ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masana'antar siminti, mai karanta jaridarku